Makauniyar da Kwamiti Ya Warkar da Hatimi

Zuwa ga Mai Girma, Mai Adalci, Mai Kaifin Gani,
Shugaban kwamitin da ke tace takardun masu neman rubuta jarrabawar zama lauya,
Hawa na uku, ƙofa ta ƙarshe, can inda matattakala ta ƙare.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa babba, da fatan iyali lafiya, hatimi lafiya, tawadarsa ma ba ta bushe ba, ina roƙon aron kunne. Sunana Umaima Alassani. 'Yar Zongo ce ni, a nan Lome aka haife ni, a nan na karanta shari'a har na gama digiri na biyu. Ni ce lamba 214 a jerinku. Idan lambar ba ta tuna maka komai ba, ni ce makauniyar nan da kwamitinka ya gano kwanan nan cewa ba ta da wata matsala.

Sai in fara da godiya. Ina shekara tara ƙyanda ta tafi da idanuna biyu. Iyayena sun kai ni asibiti a nan, sun kai ni Ghana, sun kai ni wajen malamai, an ɗiga magani, an sha rubutu. Shekara ashirin da biyu ana fama, babu wanda ya iya abin da kuka yi da layi uku da hatimi ɗaya. Da Baba ya san akwai irin wannan ofishi, da tun farko nan ya kawo ni.

Da Hausa na rubuta wannan wasiƙa, kuma a fili, saboda na gwada Faransanci da ofishinka shekara uku ba mu fahimci juna ba. Sannan mutanen Zongo tun ranar da na shiga jami'a suke kirana Metir, kamar yadda ake kiran lauyoyi. Ko kunu na fita saye sai an tambaye ni yaushe za a sa baƙar riga. Na gaji da cewa saura kaɗan, gara kowa ya ji abin da ake ciki.

Ga inda maganar take. Dokarku ta ce sau uku kaɗai mutum zai zauna wannan jarrabawa a rayuwarsa. Na zauna sau biyu. Na ukun saura kwana ashirin da ɗaya, kuma in ya wuce ni, an rufe mini ƙofar aikin lauya har abada. Abin da na roƙa abu uku ne: a ba ni tambayoyi a kwamfuta mai karanta rubutu da murya, a bar ni in buga amsata a kanta, a ƙara mini ɗan lokaci saboda kunne bai kai ido sauri ba. Da haka na ci kowace jarrabawa a jami'a. Ban roƙi a rage mini tambaya ba, ban roƙi a ƙara mini maki ba. Kwamitinka ya ce a'a, ni kuma ina ɗaukaka ƙara, tare da jero alheran da aka yi mini don kada a ce na yi butulci.

Na ɗaya. Shekara biyu da suka wuce na kai roƙona wata biyu kafin jarrabawa. Amsa ta iso mako uku bayan an gama ta, kuma amsa ce mai daɗin ji, wai ana nan ana nazarin buƙatata da idon rahama. A ranar jarrabawar aka ajiye mini takardar tambayoyi a gaba. Na shafa ta sama da ƙasa. Takarda ce mai kyau, mai santsi, Allah ya saka wa wanda ya zaɓo ta. Na ɗaga hannu na roƙi mai tsaron jarrabawa ya karanta mini, ya sunkuyo ya ce an hana su magana da masu rubutu. Na zauna awa huɗu ina sauraron biron jama'a, har na iya bambanta wanda ya san amsa da wanda ke kewaye-kewaye. Kuka ba ni sifili, kuka ƙirga shi zama na ɗaya. Ban yi gardama ba, don zama kam na zauna.

Na biyu. Bara kuka tausaya. Takarda ta fito da sa hannunka cewa an amince a sauƙaƙa wa lamba tawa: a ba ni kujera a layin gaba, kusa da taga, domin in sami isasshen haske. Ranka ya daɗe, mutum nawa suka zauna kafin a cimma wannan shawara? An yi muhawara? Akwai wanda ya ce a ƙara da fitila aka rinjaye shi? Ba zan ce ban amfana ba, na ji ɗumin rana a kuncina na hagu tun daga ƙarfe takwas har sha biyu.

A wannan karon mai tsaron wani dattijo ne mai tsoron Allah. Ya tsaya kusa da ni kamar yana gyara labule, ya karanta mini tambayar sau ɗaya cikin raɗa. Tambaya ce a kan filin da aka sayar wa mutum biyu. Na san ta kamar sunana, rigimar da ke ci wa rabin Zongo tuwo a ƙwarya ke nan. Na ɗora rula a kan takarda ina bi da yatsa, na rubuta shafi takwas. Na fito ina murmushi, na ce wa Baba a fara neman tela.

Da sakamako ya fito na faɗi, sai na nemi ganin takardata, yayata Zuhra ta raka ni don ta karanta mini. Ta karɓa ta yi ta juya shafukan. Na ce, "Yaya, karanta mana." Ta ce, "Umaima, biron ne." Tawada ta ƙare a tsakiyar shafi na biyu. Shafi shida na yi ina kartar farar takarda da busasshen biro, masu tsaro huɗu suna wucewa ta gabana suna gani, doka ta hana su magana. Shi ma dattijon an mayar da shi can ƙarshen ɗakin tun da aka lura ya daɗe wajen labule. Mai gyaran takarda ya rubuta a gefe cewa farawa mai kyau ce, sai dai ɗalibar ba ta da juriyar kammalawa. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na yi kuka a bayan zemijan, har mai babur ɗin ya rage gudu, ya zaci tuƙinsa ne ya tsorata ni. Kuka ƙirga shi zama na biyu.

Na uku, kuma a nan nake roƙon Mai Girma ya gyara zama. Bana na shirya da wuri. Na buga roƙona a kwamfuta, shafi biyu, da dalilai da ayoyin doka, na manna masa timbir, wato kan sarki, na hau matattakalarku tamanin da huɗu. Na ƙirga su, tunda ba ni da wani abin kallo a hanya. Madam da ke zaune a taga ta biyu, mace mai fara'a da ƙamshin turare, ta juya takardar ta turo mini ita. "Demande manuscrite, Madame," in ji ta. Duk wanda ya taɓa neman wani abu a ofishi a ƙasar nan ya san wannan kalma: takardar roƙo sai da rubutun hannu, ko da roƙon iska za ka yi. Na ce mata ai abin da nake roƙo a ciki shi ne a yafe mini rubutun hannu. Ta ce ta gane sarai, in je in rubuta hakan da hannu.

Na koma gida, Yaya Zuhra ta rubuta mini. Malamar makaranta ce, rubutunta kamar an buga da inji. Na sake hawa tamanin da huɗu. Madam ta yaba rubutun, sannan ta tambaye ni wa ya yi shi. Da na ce ni ce, da an wuce wajen. Amma na ga bai dace mai neman aikin lauya ta shiga da ƙarya tun daga bakin ƙofa ba, ko da yake an gaya mini daga baya cewa wannan ma rashin sanin aikin ne. Na faɗi gaskiya. Madam ta ce doka ta ce hannun mai roƙo, ba hannun 'yar'uwar mai roƙo ba.

Mahaifina, Malam Alassani, shekara arba'in yana sayar da yadi a kasuwar Adawlato. Bai yi boko ba, da girmansa ya koyi harufan Faransanci don ya riƙa karanta mini littattafan shari'ar da ba a samu da rubutun makafi ba. Yana karantawa ba ya gane ko kalma, ni ina ganewa ba na gani, da haka muka gama jami'a mu biyu. Da ya ji abin da Madam ta ce, sai ya miƙe. Ya sauko da tsohon allonsa na karatu, ya buga ƙananan ƙusoshi gefe da gefe, ya ɗaura zaren ɗinki layi-layi. Ina zura takarda ƙarƙashin zaren, ina rubutu a tsakani da harufan da na koya kafin in cika shekara tara. Kullum bayan la'asar muke zama a tsakar gida. Aikin Baba shi ne gadin tawada, don tun abin da ya faru bara ba ya yarda da biro. Sai in ji ya ce, "Metir, kin hau kan na sama. Sake." In yaga in sake.

Layi goma sha huɗu ne kawai. Sun ci mana kwana tara da takarda ashirin da uku. Ta ashirin da huɗu ta fito tana karantuwa, Yaya Zuhra ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Madam ta karɓa, ta ce, "Kin gani? In an so ana iyawa." Na yi mata godiya, don ban san a lokacin cewa shaida take karɓa a kaina ba.

Na huɗu. Kafin a gama wannan zirga-zirga, takardar likita da ke cikin dosiyena, wato fayil ɗina, ta tsufa. Doka ta ce kada ta wuce wata uku, tawa ta wuce da kwana huɗu. Na koma wajen likitan da ke duba ni tun ina 'yar firamare. Yana jin sandata a bakin ƙofa ya ce, "Umaima, an sake aiko ki ki tambaya ko idon ya dawo?" Ya haska mini tocila don cika ƙa'ida, ya rubuta abin da ya saba rubutawa. Wannan ce ta goma sha ɗaya da ya ba ni saboda ofishinka. Ina tambaya cikin ladabi: wace irin makanta kuka sani mai lalacewa bayan wata uku kamar maganin tari? In akwai ta, a taimaka a gaya mini inda ake samu, in musanya da tawa.

Daga nan na wuce meri, ofishin magajin gari, don a buga hatimin cewa kwafin daidai yake da na asali. Ma'aikacin ya buga, ya miƙo mini duka biyun, ya ce in duba in tabbatar. Na duba iya dubawata, na ce masa ban ga wani bambanci ba.

Na biyar. Hukuncinku. Na haddace shi, don gajere ne: "An ƙi roƙon, kasancewar mai roƙon ta nuna da takardar da ta rubuta da hannunta cewa tana iya rubutu mai karantuwa. Ba ta wata kwamfuta zai saɓa wa daidaito tsakanin masu jarrabawa."

Na karanta shari'a shekara biyar, amma ban taɓa cin karo da tarko mai kyawun wannan ba, kuma ina roƙon a sa shi cikin darussa. Na buga da inji, an ƙi karɓa don ba rubutun hannu ba ne. Na sa an rubuta mini, an ƙi karɓa don ba hannuna ba ne. Na rubuta da hannuna, an karɓa, an ce tunda na iya to ba na bukatar komai. Ta wace ƙofa makaho zai shigo, ranka ya daɗe? Ko dai ginin ba shi da ƙofa, fentinta kawai aka zana a bango?

Amma tunda kun yarda da shaidar, ni ma na yarda da ita. Layi goma sha huɗu a kwana tara. Amsar jarrabawarku takan kai layi ɗari biyu. In za a tafi a kan wannan sauri da kwamitinka ya gamsu da shi, ina roƙon a ba ni wata huɗu da 'yan kwanaki a kowace takarda, da allon Baba, da zarensa, da shi kansa Baban a gefena yana gadin tawada. A tanadar masa tabarma da buta. Idan wannan ya yi yawa, awa ɗaya da 'yan mintunan da na roƙa tun farko suna nan ban janye ba.

Game da daidaito kuwa, ina goyon bayanku ɗari bisa ɗari. An gaya mini, don ban gani ba, cewa kusan rabin masu jarrabawar da tabarau suke shiga, kuma Mai Girma ma da nasa ya karanta roƙona. Tabarau na'ura ce da ke karanta wa mai raunin ido abin da ba zai iya karantawa shi kaɗai ba. Ban ji an tara su cikin kwando a bakin ƙofa ba. Ko daidaiton yana farawa ne daga inda idon shugabanni ya tsaya?

Na shida. Yadda aka sanar da ni. Ba a kira ni ba, ba a aiko ba, alhali lambar wayata tana kan kowace takarda har da ta likita. An liƙa hukuncin a allon sanarwa, a hawa na uku, a bayan gilashi mai kwaɗo, aka ce mai ƙorafi yana da kwana takwas daga ranar liƙawa. Da aƙalla babu gilashin, da na shafa na ji akwai takarda. Ranar kwana na biyar wani abokin karatuna, Taufiq, ya je duba nasa sunan ya ga nawa, ya kira ni. Ya karanta mini sau biyu, sannan ya ce, "Umaima, wallahi kunya nake ji kamar ni na rubuta." A ƙasan takardar akwai layi ɗaya da ya kusa mantawa: ɗaukaka ƙara sai da rubutun hannun mai roƙo.

Ranka ya daɗe, bari in ajiye wasa na ɗan lokaci. Tun ranar da na karɓi digiri Baba ya yanko baƙin yadi mafi kyau a shagonsa, ya naɗe shi ya sa a ƙasan akwati. Bai taɓa gaya mini ba, hannuna ne ya ci karo da shi ina neman dardumarsa. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma yanzu shi ma sai ya kai takarda dab da hancinsa kafin ya ga tawada. Ni ba zan taɓa ganin kaina cikin rigar nan ba, ban kuma damu ba. Shi nake so ya gani tun idonsa yana aiki. Akwai kuma Hajiya Kubura maƙwabciyarmu, wadda aka sayar da filinta ga wani bayan ita ta saya, ta ƙi ɗaukar lauya shekara biyu, wai tana jiran 'yar gida wadda za ta yi wa bayani da Hausa ba tare da an raina ta ba. Ina jin tsoro. Kullum na tashi sai na ƙirga kwanakin da suka rage, kuma ina jin haushin cewa abin da zai kayar da ni ba shari'a ba ce, don a shari'a babu wanda ya taɓa kayar da ni.

To, yau kwana na takwas. Tun ranar da Taufiq ya kira ni na zauna na yi tunani irin na lauyan da kuka ce ban isa zama ba. In na buga ƙarar da inji, za a ƙi karɓa. In na sake hawa allon Baba, na ƙara muku shaida ta biyu a kaina, ga shi kuma kwana uku ba su isa layi biyar ba. Sai na koma ga dokarku, na sa aka karanta mini ita kalma-kalma. Ta ce da hannun mai roƙo, da harshen hukuma, da timbir. Ba ta ce da biro ba.

Saboda haka yau da safe na hau tamanin da huɗu, na miƙa wa Madam ƙarata, shafi goma sha ɗaya, da Faransanci tsantsa, da rubutun makafi. Da hannuna na huda kowane ɗigo, da tsinke da allon hudawa, kamar yadda aka koya mini tun ina shekara goma. Babu hannun Yaya a ciki, babu na Baba, kuma a zama ɗaya na gama. Madam ta juya shi gaba da baya, ta ce ai ba a rubuta komai a kai ba. Na ce mata ta shafa sama da ƙasa, takarda ce mai kyau. Ta buga hatimin karɓa, rasit ɗin yana hannuna.

Yanzu dokarku ta ba kwamiti kwana takwas ya karanta ya ba da amsa mai dalili. Ina da yaƙinin za ku iya, tunda in an so ana iyawa. Domin kiyaye daidaito, ina fatan ba za a nemi mai karantawa ba, ba za a sa na'ura ba, ba za a ƙara ko awa ɗaya ba. Idan abin ya gagara, a matsar da tebur kusa da taga. Idan har yanzu ya gagara, kuma Mai Girma yana ganin yana bukatar a karanta masa, ƙofar gidanmu a Zongo a buɗe take bayan la'asar, babu matattakala ko ɗaya. Ya zo kawai ya ce ba ya iya karantawa. Ba zan nemi takardar likita ba, zan yarda da maganarsa.

Taka mai biyayya, wadda ta bi kowace doka taku har ta ƙure ta,

Umaima Alassani
Lamba 214
Zongo, Lome